Ɗalibi Tsakanin Aji da Dutsen Tubkal

Duk ɗalibin da aka tura karatu wata ƙasa yakan sauka da bashi iri biyu a wuyansa. Na farko na waɗanda suka tura shi ne, wato iyaye da hukumar da ta ba shi gurbi, kuma ba a biyan wannan sai da takardar shaida. Na biyu na idonsa ne, domin abin kunya ne mutum ya shekara uku a ƙasar mutane, ya komo bai san wata hanya ba sai wadda ta tashi daga ɗakin kwana zuwa aji. Wahalar ita ce duka biyun daga aljihu ɗaya ake biyan su, aljihun lokaci da ɗan guzurin da ba ya kai ƙarshen wata.

Wani saurayi ɗan Maraɗi, wanda ya fito daga gidan majema, ya sami kansa cikin wannan hali a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, inda ya je karatun ilimin duwatsu da ma'adinai. Karatun na shekara uku ne, zango shida, kowane zango da jarrabawarsa, kuma da Faransanci ake koyar da darussan kimiyya, abin da ya zo masa da sauƙi. Abin da ya hana shi sukuni shi ne tagar ɗakinsa. Idan gari ya waye garau da hunturu, daga cikin birnin ana hango tsaunukan Atlas ta kudu, kawunansu fari fat da ƙanƙara. Wanda ya tashi inda ba a san wani hawa ba sai na gaɓar gulbi, da wuya ya kalli wannan ya mai da ido kan littafi nan take.

A shekarar farko bai wuce yawon kusa ba, sai tafiya ɗaya da ya yi a jirgin ƙasa zuwa Fas lokacin hutu. Can ya ga masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa a 859, amma majemar tsohon birnin ce ta fi tsayar da shi. Masu yawon buɗe ido ana miƙa musu ganyen na'ana'a su toshe hanci saboda warin fata da kashin tantabarar da ake tausasa ta da shi. Shi kuwa ya mayar da ganyen, domin warin gidansu ne ya tarye shi. Ya tuna abin da ya sha ji wurin tsofaffi, cewa fatun jar akuya na Sakkwato da Maraɗi sun daɗe suna ƙetare Sahara a bayan raƙuma, har Turawa suka riƙa kiran su fatar Maroko. Ji dai ya sha ji, amma ranar ce gani ya kori ji.

A shekara ta biyu ne maganar ta yi tsanani. Abokan ajinsa suka shirya hawan Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka, mai tsayin mita 4,167. Suka sa rana a watan Mayu, lokacin da ƙanƙara ta fara ja da baya, zafi kuma bai kankama ba. Sai dai jarrabawa saura 'yan makonni, ga shi akwai darasin da ke ba shi wuya, na duba yankakken dutse a madubin ƙara girma don gane ma'adinan da ke cikinsa. Ɗan ƙasa idan ya faɗi, gidan ubansa na nan kusa, ya maimaita. Baƙon da ke cin tallafin karatu kuwa, faɗuwa na iya zama silar komawa gida hannu rabbana. Saboda haka ya ce ba ya zuwa. Suka yi masa ba'a, suka ce ɗalibin duwatsu ne mai tsoron dutse. Bai tanka ba. Ba wai ya ɗauki hawan a matsayin wasa ba ne, ya dai lura cewa ranar jarrabawa ba ta matsawa don kowa, shi kuwa dutse ba ƙafa gare shi ba.

Da aka kafe sakamako ya ga ya haye, sai ya haɗa kai da wasu ɗalibai uku cikin watan Yuli. Kuɗin tafiyar daga bakinsa ya tsime shi, watanni yana kwana da burodi da miyar wake. Mota ta kai su ƙauyen Imlil, inda hanyar mota ta ƙare, suka ɗauki ɗan jagora kamar yadda hukuma ta wajabta tun bayan 2018. Mutanen wurin Amazik ne, sun sassaƙa gefen tsauni sun mai da shi gonaki hawa-hawa, sun ja ruwan narkakkiyar ƙanƙara ta ƙananan magudanai zuwa gindin tuffa da sauran itatuwa. Alfadarai ne ke ɗaukar kaya. Yini guda suna hawa kafin su isa masaukin da ke kusan mita 3,200, inda suka kwana.

A nan ne abin da ya haddace don cin jarrabawa ya fara taɓa jikinsa. Ya san a littafi cewa zafi na raguwa da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita dubu da aka hau, amma bai san ma'anar haka ba sai da ya yi alwalar asuba cikin watan da Marrakesh ke toya ƙafa, yatsunsa suka ƙage. Ya san iska na yin sirara a sama, sai ga shi kowane taku ashirin yana tsayawa neman numfashi, kansa na sarawa. Tun da duhu suka tashi da fitilu a goshi, suna taka tsakuwar da ke zamewa. Da gari ya fara haske ya duƙa ya ɗauki wani guntun dutse mai duhu, ya juya shi, ya gane na aman wuta ne, irin wanda ya yi makonni yana fama da yankinsa a madubi. Ɗan jagoran ya yi mamakin mutumin da ke ƙara wa jakarsa nauyi a inda kowa ke neman ragewa. Kafin hantsi suka kai ƙololuwa, inda aka kafa wani ƙarfe mai siffar dala. Ba su daɗe ba, domin saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Wata biyu bayan haka, daren 8 ga Satumba 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin 6.8 ta afka wa yankin tsaunukan, ta hallaka kusan mutum 3,000, yawancinsu a ƙauyuka masu ginin ƙasa. A aji an koya masa dalilin, wato matsin da ke tsakanin farantin Afirka da na Turai, matsin da tun farko ya ɗaga tsaunukan. Amma shi ba taswira yake gani ba, hanyar Asni yake gani, wadda motarsu ta bi, da matan da ya gani suna shanya a kan soraye. Ɗalibai suka shiga tara barguna da abinci, aka nemi waɗanda suka san hanya su raka kayan. Zangon karatu na biyar na gab da farawa, ga rajista bai kammala ba. Ya ƙidaya kwanakin da suka rage masa, ya ga zai iya ba da uku, ya rubuta sunansa.