Yunan, lardin da shayi ke tsufa kuɗinsa na ƙaruwa

Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram da kwalayen shayi suka shekara biyu a mangazarsa ya san asara ta same shi, don koren ganyen da ake dafawa a fada sabo ake son shi. Amma a ƙasar Sin, inda wannan ganye yake fitowa, akwai wani lardi da lissafin ya juye. Can, shayin da ya shekara 20 a ajiye ya fi na bana tsada nesa ba kusa ba, har uba kan adana shi don ƴaƴansa. Sunan lardin Yunan, shayin kuwa Fu'ar, wanda Turawa ke rubutawa Pu'er.

Yunan na kudu maso yammacin Sin, ya yi iyaka da Bama da Lawos da Biyetnam. Babban birninsa Kunmin na bisa tudu mai tsawon wajen mita 1900, shi ya sa ba zafi can ko da bazara. Tun Disamba 2021, da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa mai zuwa Lawos, matafiyi kan tashi daga Kunmin ya sauka birnin Fu'ar cikin wajen awa 3. Daga nan hanya ta gangara kudu zuwa Sishuwanbanna, inda kogin Mekon ke ratsa duwatsu masu duhun daji da hazo. Baƙon da ya saba ganin hoton gonar shayi, gajerun itace jere kamar kunyar gyaɗa, zai yi mamaki. A wasu ƙauyukan shayi itace ne sosai, mai manyan ganye, wani ya yi ɗaruruwan shekaru, sai an hau shi kafin a tsinko. A dutsen Jinmai, ƙabilun Bulan da Dai sun daɗe suna renon irin waɗannan itatuwa a ƙarƙashin inuwar daji, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya.

Aikin ganyen da hannu ake yin shi a ƙauye. In an tsinko sai a baza ya yi laushi, a soya shi cikin babban kaskon ƙarfe bisa wutar itace, a murza, a shanya a rana. Wannan shanyar rana ita ce asirin, don ba ta kashe ganyen ƙurmus kamar yadda zafin inji ke yi wa koren shayi. Shi ya sa yake ci gaba da canzawa shekara da shekaru. Daga baya a turara shi, a zuba cikin ƴar jakar ƙyalle, a danne da dutse har ya zama faifai. Nauyin faifai guda bisa al'ada giram 357 ne. Akan haɗa 7 a naɗe da ɓawon gora, ƙunshi ya kama wajen kilo 2 da rabi.  A zamanin da, alfadarai da dawaki ke ɗaukar shayin wata da watanni zuwa Tibet, inda ake dama shi da man shanu da gishiri, kamar dai yadda ayarin raƙuma ke sauko da kantun gishiri daga Bilma. Birnin Fu'ar na dā shi ne zangon da ake tara kayan, sarakunan Sin suka maida shi hedkwatar yanki a 1729, sunansa kuma ya bi shayin.

Fu'ar iri biyu ne, kuma nan gardamar mashaya take farawa. Akwai ɗanye, wanda ake bari ya tsufa don kansa. Yana sabo ruwansa ɗorawa ne, da ɗaci da bauri. In ya shekara 15 ko 20 sai ya yi ja, ɗacin ya kwanta. Akwai kuma nunanne, wanda masana'antar shayi ta Kunmin ta ƙago a 1973 don biyan bukatar masu sayen tsohon shayi a Hongkong. Ana tara ganyen tsibi, a yayyafa ruwa, a rufe, ana juyawa lokaci lokaci, kwana 45 zuwa 60. Zafi da laima su sa ya ruɓa da tsari, yadda kalwa ke zama daddawa. Ruwansa baƙi ne wuluk, ƙamshinsa kamar na ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Masu son ɗanye na ganin nunanne gaggawa ce, kamar mangwaron da aka nuka da ƙarfi. Masu shan nunanne kuwa su ce ba ya tayar da ciki, kuma talaka na iya sayen shi yau ya sha yau.

Zaman shan ma daban yake da na fada. Ba sukari, ba kumfa, ba a bar buta bisa gawayi tana tafasa. Mai masauki kan ɓantari ɗan gutsure daga faifan da tsinken ƙarfe, ya sa a ƴar butar yumɓu da ba ta wuce tafin hannu ba, ya zuba tafasasshen ruwa. Ruwan fari zubarwa ake yi, wanka ne ga ganyen da ya sha ƙurar shekaru. Daga nan kowane zubi ƴan daƙiƙu ne kawai, a rarraba cikin ƙananan kofuna. Inda shayin fada ke tsayawa a na uku, ganyen Fu'ar mai kyau kan kai zubi 10 ko fiye, mashaya na lura da yadda ɗanɗanon ke sauyawa. A kudancin Sin, wanda aka zuba ma shayi kan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsa ke nan. A gidajen shayin Hongkong, Fu'ar ake sha da kalacin safe mai maiƙo, don mutanen wurin sun yarda yana sassaɓe kitse a ciki.

Gardama ta biyu ta wurin ajiya ce. Tsoffin dillalan Hongkong sun saba adana shayi a ɗakunan ƙasa masu laima, inda yake saurin tsufa ya yi duhu. Mutanen Kunmin, masu busasshiyar iska, na cewa wannan warin rima ne, ba ƙamshi ba. Nasu a hankali yake tsufa, amma ƙamshin ganyen na nan. Na Hongkong su maida martani cewa shayin Kunmin ko ya shekara 20 yaro ne. Faifai biyu da aka danne rana ɗaya, ɗaya ya zauna Kunmin ɗaya a Malesiya, in an dafa su sai a rantse ba daga itace guda suka fito ba. Abincin wani, gubar wani.

Inda zancen ya shafi aljihu shi ne birnin Gwanzu, wanda ƴan kasuwar Nijar da dama suka sani wajen sarin kaya. A unguwar Fantsun akwai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shayi na Sin, shaguna dubbai. A farkon shekarun 2000 labari ya bazu cewa Fu'ar ajiya ce da ta fi banki. Malaman makaranta da ma'aikata da masu ritaya suka zuba tattalinsu, ana saye ana sayarwa ba a ko buɗe kwali. Kuɗin ya ninka sau da yawa. Manoma suka sare daji suka dasa, ganyen wasu larduna ya shigo ana danne shi da sunan Fu'ar. A 2007 har birnin Simawo ya canza suna ya koma Fu'ar. Cikin wannan shekarar ce kasuwar ta faɗi warwas, ƙananan masana'antu da yawa suka rufe, masu ajiya suka wayi gari da kwalayen da ba mai tayawa. A 2008 hukuma ta kafa ƙa'ida cewa ba a kiran shayi Fu'ar sai na manyan ganyen Yunan da aka shanya a rana, aka sarrafa cikin yankin da aka shata.

Ƙa'idar ba ta kawar da algus ba. Takardar da ke naɗe da faifai ba ta da wuyar bugawa, kuma ana iya jiƙa sabon shayi a ɓoye shi ƴan watanni ya fito da kamar tsoho. Ƙauyen Lawo Banzhan, wanda ganyensa ya yi suna wajen tsada, ƙarami ne, amma faifan da ke ɗauke da sunansa sun cika shaguna. Don haka gogaggun mashaya ba su cinikin biri a sama. Sukan zauna a shago a dafa musu, su sha zubi bayan zubi, su juye ganyen da ya jiƙa su duba ko ya buɗe da laushi ko ya dagargaje. Sannan su tambayi inda aka adana shi, da hannun da ya bi. Sai bayan haka ake maganar kuɗi, kuma ko an daidaita, faifai ɗaya suke fara saye kafin su yi zancen ƙunshi.