Makaɗa Sittin Cikin Akwati Ɗaya

Tun 1979, lokacin da aka ƙera na'urar Fairlight a Ostareliya, masu haɗa kiɗa suke naɗe muryoyin goge da sarewa da ƙaho, su riƙa fito da su ta hanyar danna madannai. A 2019 kamfanin Spitfire Audio na Landan ya fitar da muryoyin ƙungiyar makaɗan BBC dungurungum. Wani matashi sabon shiga ya tara kuɗi ya saya, ya kwana uku yana aiki, da ya saurara sai ya ji abin ba rai, kamar bugun agogo.

Laifin kuwa ba na na'ura ba ne. Mai busa sarewa ɗan Adam ne, tilas ya ja numfashi, amma sarewar matashin tana yin minti guda cur ba hutu. Mai goge yakan soma a hankali, ya matsa, sannan ya sassauta. Nasa gogen ya miƙe sambal. Maganin wannan yana gefen hagu na madannai, wato ɗan gargaren nan da tsarin MIDI na 1983 ya ba lamba 1, wanda galibin masu koyo ba su ko taɓa shi. Da shi ake hawa da sauka da ƙarfin sauti.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne barin gyara. Kwamfuta tana daidaita kowane bugu daram, alhali mutum sittin ba su taɓa faɗa wa sauti a lokaci ɗaya. Sai da ya koma yana kaɗa kowane sashe da hannunsa, goge daban, ƙaho daban, yana jan numfashi tare da mai sarewa.