Agege Ko Sango-Ota: Ina Ya Fi Dacewa Da Zama?

Yau so nake mu taɓa wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu na Agege, wato maganar ƙaura zuwa Sango-Ota. Da wuya wata ya wuce ba ka ji an ce wane ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Toll Gate ba, ko wane ya sayi fili a Atan yana ta tara bulo. Wasu su ce wanda ya tafi ya huta, wasu su ce ya kai kansa daji. To, maganar nan ta shigo har cikin gidanmu, domin mai gidan da muke haya tun kafin a haife ni ya rasu, magada sun ce sayarwa za su yi, sun kuma ba mu zuwa ƙarshen shekara. Baba yana da rabin fuloti a bayan Sango wanda ya saya shekarun baya, Inna kuwa ta ce ita da Agege mutu-ka-raba takalmin kaza. Ni ne babba a cikin maza, ni ke zama a rumfa tare da Baba, shi ya sa dole ta sa na zauna na auna wuraren nan biyu.

Ga 'yan'uwa na Badun, Shagamu ko Fatakwal da ba su san yankin sosai ba, Agege ƙaramar hukuma ce a Jihar Legas, Sango da Ota kuwa suna cikin ƙaramar hukumar Ado-Odo/Ota ta Jihar Ogun. Titin Abekuta ne ya haɗa su. In ka bar Agege za ka wuce Abule Egba, Ijaiye, Meiran da Alakuko, sai Toll Gate, inda Legas ta ƙare Ogun ta fara. An daina karɓar kuɗin hanya a wurin tun Obasanjo yana shugaban ƙasa, amma sunan ya zauna. Gidaje ba su yanke ba ko kaɗan, har baƙo ba zai san ya canja jiha ba sai an gaya masa.

A ƙidayar 2006, mutanen Agege sun kai wajen dubu 460, na Ado-Odo/Ota kuma sun ɗan haura dubu 520. Kun ga ke nan yawan jama'ar bai yi nisa da juna ba. Amma faɗin Agege bai kai murabba'in kilomita 20 ba, alhali Ado-Odo/Ota ta haura 800, wato ta ninka Agege fiye da sau 40. Mai karatu, daga nan duk wani bambanci ya samo asali. A Agege mutane ne suka yi wa ƙasa yawa, a Ota kuwa ƙasar ce ta yi wa tituna da magudanan ruwa yawa.

Wani abu da matasanmu da yawa ba su sani ba shi ne, wuraren nan biyu goro ne ya kai kakanninmu cikinsu. Layin dogo ya kai Badun a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma ta tsakiyar Agege ya ratsa. Manoman Agege da na ƙasar Ota da Ifo suka duƙufa noman goron da Yarbawa ke kira gbanja, wato na Gwanja, fatake kuma suka riƙa sauka suna ɗaure huhu suna lodawa a jirgi zuwa Arewa. Kakana yana cikin waɗanda suka zo daga baya suka gaji wannan sana'a. Ita kanta kalmar Sango ba wata aba ba ce illa zango da ta shiga bakin Yarbawa, kamar yadda masallaci ya koma Moshalashi a bakinsu. Saboda haka duk mai cewa Sango baƙon wuri ne ga Bahaushe bai san tarihi ba.

Mu fara da maganar muhalli, domin ita ce ke korar mutane. A Agege yawancinmu muna cikin irin gidajen nan ne da ɗakuna ke kallon juna, banɗaki ɗaya ko biyu ga gida guda, da asuba sai an bi layi. Mu bakwai ne a ɗaki da falo, ni da ƙannena maza a shagon ƙofar gida muke kwana. In ka fita neman sabon wuri, ga kuɗin haya, ga na ejen, ga na agirimen, ga kamasho. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma wanda ruwa ya ci ba ya tsayawa karanta doka, abin da aka ce ya kawo shi yake kawowa. Sayen fili kuwa a cikin Agege, ɗan tireda ko mai sayar da goro sai dai ya ji a majalisa. Tsofaffin gidajen ma masu kuɗi ke saye su rushe su yi benaye.

A ɓangaren Ota, mutum mai ƙaramin ƙarfi yana iya mallakar fili, ya yi ɗaki biyu ya shiga, ya ci gaba da gini a hankali. Akwai tsakar gida, mata su sha iska, a ɗaure akuya, a shuka zogale. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara talatin yana biyan haya. Sai dai araha ba ta ado. Akwai waɗanda ake kira omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, waɗanda za su karɓi kuɗi ranar aza harsashi, su dawo ranar rufi, wani lokaci ma a sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Legas da Ogun duka sun yi dokar hana ƙwacen filaye a 2016, amma har yanzu mai hankali ba ya biyan kuɗin fili sai da lauya da shaidu da takardar awo. Ban da haka, a sababbin unguwanni kai ne gwamnatin kanka: ku haƙa rijiyar burtsatse, ku haɗa kuɗin turakun wuta, ku zuba ƙasa a hanya in damina ta cinye ta.

Sai maganar hanya, wadda a nawa ganin ita ce ke yanke hukunci ga ɗan kasuwa. Ta wannan fuska Agege ta samu ci gaba a 'yan shekarun nan. An buɗe gadar Pen Cinema a 2021, aka rage cunkoson da ake yi a mahaɗar jirgi. A shekarar ce kuma sabon jirgin Legas zuwa Badun ya fara aiki sosai, yana da tasha a Agege. A watan Oktoban 2024 jirgin cikin gari na jan layi ya fara ɗaukar fasinja daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Mutumin Sango kuwa sai ya nemi abin da zai kai shi Agbado tukuna. Manyan motocin BRT da suka fara aiki a 2020 daga Oshodi, a Abule Egba suke tsayawa. Daga nan zuwa Sango sai ƙananan motoci, a kan titin da ya yi shekaru yana wahalar da jama'a, musamman da damina.

Na gwada da kaina, na kwana a wurin wani abokin Baba a bayan Sango na fito ranar Litinin. Kafin kiran assalatu na bar gida, babur ya fito da ni titi, mota biyu na shiga, amma ko da na iso rumfa har an sauke kaya an raba, masu sari na farko sun tafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake lissafawa kamar kuɗin cefane. In ka tara na mutum biyu, zuwa da dawowa, kwana shida a mako, za ka ga abin da ka tsira da shi daga hannun mai gida ka miƙa wa direba, ka kuma ƙara masa da barcinka.

Amma fa wannan lissafi na wanda abincinsa ke Legas ne. Ota gari ne na masana'antu, haka ma Agbara da ke cikin ƙaramar hukumar. Ga jami'o'i irin su Covenant da Bells, ga titin Idiroko da ke zuwa iyakar Jamhuriyar Benin. Duk inda ma'aikata da ɗalibai suka taru, akwai kasuwar mai shayi, mai tsire, mai tireda, mai kayan gwari da ɗan ga-ruwa. Lokacin da Legas ta taƙaita acaɓa a 2020, ta kuma hana shi gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 10 a 2022, da yawa daga cikin samarin da na sani Ogun suka tsallaka, kuma ba su dawo ba. Wanda ke kwana a Ota ya kuma nemi abinci a Ota, wallahi ya fi mu kwanciyar hankali. Abin da zan ja kunne a kai kawai shi ne kada mutum ya dogara kacokan kan kayan iyaka, domin rufe iyakokin da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya durƙusar da mutane da dama.

Yanzu bari in zo kan abin da Inna take nufi, domin ita ba ta lissafin kuɗin mota. Ran nan Baba ya ce mata, “Hajiya, ke ba ki gaji da layin banɗaki ba?” Sai ta ce, “Alhaji, na gaji. Amma in ciwo ya kama ni da tsakar dare kana kasuwar ƙauye, ƙofar wa za a buga?” Baba bai ce komai ba. A Agege in haihuwa ta zo akwai tsofaffin da za su tsaya, ga asibitin gwamnati a Orile Agege, ga babban asibitin koyarwa a Ikeja. In rigima ta haɗa ka da wani, akwai fadar Sarkin Hausawa. Ga makarantun allo da Islamiyyu, ga Markaz ta Shehu Adamu Al-Ilori, wadda ya kafa a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege. Ga adashen mata, ga mai fura, ga wanzami. In mutuwa ta zo, kafin azahar an yi sutura an kai mutum, kuma a maƙabartar nan kakana yake kwance. Ba a rubuta waɗannan a takardar haya, amma suna cikin abin da muke biya.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, a cikin Sango ma akwai jama'armu da masallatansu da shugabanninsu. Matsalar ita ce, inda jama'a suke a Sango haya ta riga ta tashi, inda fili ke da araha kuma can ciki ne, inda za ka iske kai kaɗai ne Bahaushe a layinku. Irin wannan zama yana da illa biyu. Ta farko yara: ɗan Agege yana tashi da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka a baki ɗaya, amma na ga 'ya'yan abokan Baba da suka tashi a can ciki, ana yi musu Hausa suna mayarwa da Yarbanci. Ta biyu tsaro. Ba ma fatan fitina, kuma tsakaninmu da maƙwabtanmu Yarbawa akwai auratayya da amana ta shekaru. Amma manyanmu ba su manta Shagamu a 1999 ba, mu kuma mun ga abin da ya faru a Fagba a watan Oktoban 2020. A kwanakin nan, 'yan'uwa da ke zaune ɗai-ɗai a wasu unguwanni cikin zango suka zo suka kwana har ƙura ta lafa.

Ita ma Agege tana da nata ciwon, kuma bai kamata son unguwa ya rufe mana ido ba. Cunkoso ya yi yawa, kwatoci a cushe, ga 'yan daba da shaye-shaye da ke jan ƙannenmu. Uba da yawa ba don haya suka tashi ba, sai don su raba ɗansu da abokan banza. Wannan ma hujja ce mai ƙarfi.

To, ga abin da na gaya wa Baba. Na ce, “Baba, a ganina ku da Inna ku nemi ɗan madaidaicin wuri a nan kusa da rumfa, ko da ya fi wannan ƙanƙanta, domin shekarunku sun wuce na fita kafin asuba. Filin can kuma kada a sayar. Mu fara gini a hankali, in Allah Ya kai mu lokacin aurena ni in fara shiga, in buɗe shago a can in riƙa ɗaukar kaya daga wurinku.” Na kuma roƙe shi ya yi magana da abokansa biyu da ke da niyyar sayen fili, su saya kusa da namu, mu haɗa hannu a kan rijiya da ɗan masallaci tun kafin a yi katanga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu da suka zo Kurmi ba su watsu ɗai-ɗai ba, wuri guda suka sauka suka yi zango, shi ya sa har yau muke cin moriyarsa. Baba ya ce zai yi shawara, Inna kuma ta ce in dai da maƙwabta na gida, ko ita za ta riƙa zuwa tana kwana biyu.

Shawarata ga duk mai irin wannan tunani ita ce, ya fara tambayar kansa ina abincinsa yake, ya zauna a ɓangaren da yake. In zai duba fili, ya je a watan Yuni ko Yuli lokacin da ruwa ke sauka, kada ya je da rani. Ya kwana a unguwar ya fito da asubar Litinin ya ga yadda hanya take, domin gani ya kori ji. Ya kuma tambayi iyalinsa, tun da su ne za su wuni a gidan.

Allah Ya ba kowa muhalli na alheri, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan magabatanmu.