Tiya huɗu da bargo ɗaya

Mako biyu ke nan mutanen Dumega suna kallona kamar wanda ya taɓu. Kullum bayan sallar asuba nakan fito da jaka a baya, cikinta gero tiya huɗu, in ratsa gonaki in nufi bakin dallol, in hau tudun nan mai jan dutse, in sauko, in sake hawa. Ran nan wani tsoho mai kora shanu ya tsaida ni ya ce, "Ɗan lakwal, in kasuwa kaka biɗa, ka baro ta baya." Na yi dariya na wuce. Ina zan fara yi masa bayanin cewa ƙafafuna nake horarwa don in je in ga wani ruwa?

Ga yadda abin ya faro. Ina rubutun ƙarshen karatu a sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdu Mumuni, a kan sunayen ruwa a Hausa da Tamajak. Mu muna da tabki, fadama, gulbi, ƙorama, kududdufi, rijiya. Abokina ɗan Tabelot, da muke aji ɗaya, ya ba ni wata kalma tasu, agelmam: ruwan da ke kwanciya cikin kwarin dutse bayan damina, inuwar duwatsu ta kare shi daga rana, har wani ya kai wata daminar bai ƙafe ba. Na rubuta "tabki" a gabanta. Ya karɓe biro ya soke. "Tabkinku laka ne da sawun shanu. Wannan sai ka gani da idonka." Ya ce akwai guda sama da ƙauyen kawunsa, bisa Bagzan, kuma ƙarshen Disamba zai tafi gida.

Na daɗe da sanin cewa harsunan nan biyu sun sha hannu da juna. Takobi, ayari, takarda, duk ta bakin Azbinawa suka shigo mana, mu kuwa muna faɗinsu kamar da su aka haife mu. Amma ban taɓa taka ƙasar da suka fito ba. Iyakacin dutsen da na sani shi ne na Dogon Dutsi, wanda yaro zai hau ya sauko kafin a sauke tuwo. Bagzan kuwa can ne ƙololuwar Nijar take, Idukal-n-Taghas, mita 2,022. Mota takan kai mutum daga Agadas zuwa gindin dutsen, daga nan sai ƙafa da jakuna.

Abu na farko da ya ba ni tsoro ɗari ne. Hausa ta raba sanyi da ɗari, kuma mu nan muna taƙama mun san ɗari, tunda muna hura wuta da asuba cikin hunturu. Sai na zauna na yi lissafi. Duk mita dubu da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Dallol ɗinmu bai kai mita 300 bisa teku ba. Ke nan daren da muke kuka da shi a nan, a cire masa digiri goma, a ƙara da iskar hamada da sararin sama babu gajimare ko ɗaya da zai riƙe ɗumin rana. Abokina ya ce cikin Janairu wani lokaci sukan tashi su tarar ruwan buta ya daskare. Ni ƙanƙara a firiji kaɗai na san ta.

Na tara abin da na iya daga kuɗin bursu. Wurin ƴan gwanjo a Yamai na sayi wata ƙatuwar riga mai auduga, jika bakwai, ina jin kaina. Da ya gan ta sai ya girgiza kai: in ka hau dutse da ita za ka jiƙe da gumi, in ka tsaya gumin ya huce a jikinka, shi ne ciwon. Gara riguna uku marasa kauri, ka tuɓe ka mayar yadda jiki ya so. Ya sa na sayi safa ta ƙafa da ta hannu, ya koya mini naɗa rawani irin nasu, mai rufe kunne da hanci. Takalmi ya ce in fara sa shi tun yanzu, gara ya ci mini dunduniya a Dumega inda akwai mai ba ni ruwan zafi. Ya ci kuwa. Guzuri: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, shayi da sukari, da man kaɗanya saboda faso. Wayar da zan ɗauki muryoyin tsofaffi da ita za ta kwana cikin aljihun ciki, don ɗari na shanye batir. Littafi da fensir suna nan ko da ta mutu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar yana cikin gida.

Da na gaya wa Inna, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Mi kaka biɗa bisa dutsi wanda babu ƙasa?" Na fara zancen kalmomi da bincike. Ta ce, "Ta Agadas za ka bi?" Na ce i. Ta ajiye rariya ta shiga ɗaki.

A gidanmu ba a faɗin sunan garin nan da sauƙi. Bayan da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa na ƙasarmu sun bi hanyar arewa, yayana yana cikinsu. Ya fita da dare da ƴar jaka, bai yi sallama da kowa ba, don ya san ba za a bar shi ba. Ya kira sau biyu daga Agadas. Daga nan shiru, har yau. Ni da nake ta lissafin digiri da nauyin jaka, ban lissafa cewa hanyar da zan bi, Ƙonni, Tawa, Abalak, Agadas, ita ce Inna take bi da zuciyarta kowane dare ba.

Na yi niyyar fasawa. Baba ne ya kira ni bayan isha'i ya ce, "Wancan ya tahi kamar ɓarawo. Kai in za ka, ka tahi kamar ɗan gida." Ya karɓi lambar mahaifin abokina, suka yi magana su biyu, dattijo da dattijo, da Hausar Arewa da Hausar Agadas, kowa na jin kowa. Suka yanke cewa ba za mu yi tafiyar dare ba, ba za mu hau ba sai da kawun abokina a gaba, in kuwa mutanen wurin suka ce hanya ba lafiya, mu juyo ko da muna hangen ruwan. Na rubuta wa ƙanwata ranakun a bayan kalanda: ranar isa Agadas, ranar hawa, kwana huɗun da waya ba za ta shiga ba, da ranar da zan kira. Ta manna shi kusa da gadon Inna.

Shekaranjiya da yamma ina ɗaure kaya, Inna ta shigo da wani abu naɗe cikin zane. Bargon Yaya ne, mai ratsin ja, wanda ya bari bisa tabarmarsa daren da ya fita. Shekara da shekaru yana cikin akwatinta, ko wanki ba ta bari wani ya yi masa. Ya fi rigar gwanjon nauyi, kuma jakata ta riga ta cika. Na zazzage rabin garin rogon na yi masa wuri.

Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ba kyauta na ba ka ba. Aro ne. Ka maido min abina."

Jibi da asuba za mu kama hanya, in Allah ya yarda.