Taswirar Da Ke Bango Ta Ruɗe Ni

Shekara uku ina koyar da yaran Zangon Sokode Turanci da yamma, kuma ashe ina ɗora su a kan kuskure ban sani ba. Duk ranar da muka zo kan kalmar vertical, sai in nuna taswirar Togo da ke rataye a bango in ce, "Ku dubi ƙasarmu, doguwa ce daga Lome har Dapaong. Wannan shi ne vertical." Har na ƙara musu da cewa arewa sama ce, kudu ƙasa.

Wani yaro ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, in aka shimfiɗa taswirar a tabarma fa?" Na daka masa tsawa, na ce ya cika surutu. Tsawar nan ta fi kuskuren kansa damuna.

Biki ne ya kai ni Dapaong, tafiyar kusan kilomita 300 ta Kara da Mango. A gidan da na sauka ana ta da katanga. Na ga magini ya saki igiya mai ɗan ƙarfe a ƙarshenta, ya jira ta daina lilo, sannan ya daidaita bulo da ita. Ya ce wa yaronsa da Faransanci bangon bai yi vertical ba, kalmar iri ɗaya ce a harsunan biyu. Babu ruwan igiyar da arewa ko kudu. Nauyi ne ke jan ta ƙasa.

Da na dawo na bi asalin kalmar. Daga Latin take, daga vertex, wato tsakar ka, inda gashi ke murɗewa, shi kuma daga vertere, juyawa. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16, ana nufin abin da ke saitin kan mutum a sararin sama. Abin da muke cewa rana tsaka ke nan. A arewacin Togo rana kan tsaya saitin kai sosai a watan Afrilu da na Agusta, har inuwar sanda ta ɓace da tsakar rana. Hausa kuwa ta riga ta raba gardama: a tsaye, a kwance. Rijiya a tsaye take, hanyar Dapaong a kwance.

Na sauke taswirar na shimfiɗa ta a tabarma gaban aji, na kira yaron nan na ce, "Kai ne da gaskiya, ka yafe mini." Sai dai waɗanda suka riga suka bar hannuna suna da yawa. Duk wanda ya yi karatu a wurina a shekarun nan, don Allah ya gyara, ya kuma gaya wa ɗan'uwansa.