Kalma Ba Ta Isa Zama Mabuɗi Ba

Duk ɗalibin harshe da ke son ɗora ƙamus a intanet sai ya yi hulɗa da rumbun bayanai, wato inda kwamfuta ke jera abubuwa layi-layi a jadawali. Tun 1970 Edgar Codd, masani a kamfanin IBM, ya shimfiɗa wannan tsari. Ƙa'idarsa ita ce kowane layi ya samu shaidar da babu mai irinta, wadda ake kira babban mabuɗi.

Ni da wasu 'yan ajinmu muna tattara kalmomi domin ƙaramin ƙamus, kuma wani daga cikinmu ya kawo shawarar a mai da kalmar kanta mabuɗi. Ban yarda ba, kuma dalilina na ilimin harshe ne. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Alal misali, gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Baƙi kuwa uku ne: na launi, na masu zuwa gida, da na haruffa. Idan kalma ce mabuɗi, kwamfuta za ta karɓi ɗaya ta kori sauran. Haka kuma ranar da aka gyara baki ya koma baƙi, duk misalan da aka ɗaura masa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Saura zaɓi biyu. Na farko lamba mai hawa, 1, 2, 3. Ba ta cin wuri, kuma mai bit 32 tana kaiwa 2,147,483,647, abin da ya wuce bukatar kowane ƙamus. Matsalarta ita ce kowannenmu yana aiki a kwamfutarsa, don haka lamba 40 tawa da lamba 40 ta abokina za su yi karo ranar haɗa aiki. Na biyu shi ne UUID mai bit 128, wanda kowa zai ƙirƙira a inda yake ba tare da fargabar karo ba. Ya fi nauyi, ba ya haddatuwa, amma nau'insa na 7 da aka tabbatar a 2024 yana bin jerin lokaci, abin da ke sauƙaƙa wa rumbun ajiya.

Shi na goyi baya, domin hannu da yawa ke cikin aikin. Da ni kaɗai nake, lamba mai hawa ta ishe ni. Shawarata ga 'yan uwa ɗalibai ita ce ku bar kalma ta ɗauki ma'ana, ku ba mabuɗi aikin shaida kawai.