Mai Baki Biyu

Da ƙara muke bambance su. Bindigar toka, harbi-ka-ruga, idan ta tashi sai ka ji "dum" mai nauyi, hayaƙi ya turnuƙe, maharbi ya tsaya yana tari yana jiran ya ga ko ya samu. Mai baki biyu kuwa ƙararta a tsinke take, tas, sai ɗan shiru. Mu yaran ƙasar Haɗeja muna cikin gari muke lissafi: in ƙara ɗaya aka ji daga fadama, yau akwai nama; in biyu ce a jere, to an kuskure na farko, sai abin da Allah ya yi.

Ba kowa ke da ita ba. Tun yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 aka toshe hanyar sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, aka bar talaka da ta ɗuri da albarushi, wadda daga baya maƙeranmu suka gwanance a kanta. Mai baki biyu sai hakimi, ko alƙali, ko malamin daji na En'e, ko attajirin da ya yi kuɗi da awon gyaɗa, ko wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama da ɗan abin hannunsa. Kuma sai da lasin. Bayan dokar bindigogi ta 1959, duk shekara za ka ga dattijo ya sa babbar riga ya tafi sabunta takarda, ya dawo ya ninke ta ya ajiye a gwangwani ɗaya da takardar haraji.

Ta kawuna daga hannun wani Bature ta fito, cikin waɗanda suka yi gwanjon kayansu lokacin da mulkin kai ya ƙarato. A tsakanin bakunan an rubuta W. W. Greener, Birmingham, kuma ina jin wannan ne Turancin farko da na karanta ba a allon makaranta ba. Ba ta da kunnuwa a waje. Ta wani maƙwabcinmu, mai tambarin birnin Liège na Beljiyam, kunnuwa biyu gare ta tsaye, sai an ɗana su da babban yatsa, ƙas, ƙas, kuma ya sha rantsewa cewa zabi sun san wannan ƙarar sun daina jiransa. Daga baya na fahimci cewa tun 1875 wasu ma'aikatan kamfanin Westley Richards, Anson da Deeley, suka fito da tasu dabarar ɓoye kunnuwan a ciki. Wato abin da muke yi wa kallon sabon yayi ya girmi kakanninmu.

Ranar Juma'a bayan la'asar ake yi mata wanka. A shimfiɗa buzu a zaure, Kawu ya karya ta, ya zare katakon da ke ƙarƙashin bakunan, ta rabu gida uku. Sai sanda da tsumma, sai man keken ɗinki da ya roƙo wajen Gwaggo, ita kuma ba ta taɓa bayarwa ba tare da mita ba. "Malam, wannan kishiyar tawa ta fi ni shan mai," in ji ta. Shi dai ya yi murmushi, ya ɗaga bakunan sama ya leƙa, sannan ya miƙo mini. Ciki zobba-zobba ne na haske, suna ta shigewa. Ƙamshin mai, da tsohon albarushi, da fatar jakar harsashi, sun kama zauren nan har bango.

Shi ya koya mini cewa bakunan ba ɗaya ba ne. Na dama a buɗe yake, yana watsa ƙwayoyin darma, na abin da ke kusa ne, kuma kunamar gaba ce ke tashinsa. Na hagu an ɗan matse ƙarshensa domin darma ta tafi a dunƙule ta cimma tsuntsun da ya yi nisa. Harbi biyu ke nan, babu na uku. Harsashi kuma daga Kano ake sayo shi, na kamfanin Eley, kwanson takarda mai gindin tagulla, kuma da sulalla ake magana, a lokacin da kwabo ke ƙosar da yaro da ƙosai. Don haka babu mai harbin ganin dama. Turawa, an ce, abin kunya ne a wurinsu a harbi tsuntsu yana ƙasa, sai ya tashi sama. Kawu da ya ji haka dariya ya yi ya ce, "Ai su ba da kuɗin gero suke sayen harsashi ba." Yakan yi rabin safiya a tsugune bayan sabara yana jiran zabi su haɗa kawuna wuri ɗaya. Ni dai har yau ban ga laifinsa ba.

Kwanson da aka harba namu ne. Mukan yi kokawa a kansa, mu shaƙi ɗumin hayaƙin da ya rage, mu busa shi ya yi usur. Tsofaffi kuma su roƙa su zuba taba gari, su toshe da ɓawon rake.

Lokacin abin shi ne bayan kaka, hunturu ya kankama, ƙafa ta yi kaushi, leɓe ya tsage. Masu farautar gayya suna fita da gangi da karnuka da gora da barandami, gari ya ɗauki ihu da kirari, a dawo da zomo da gafiya da wanda aka fasa wa kai wajen rabo. Mai bindiga shi kaɗai yake fita, da asuba, da yaro ɗaya mai riƙe wuƙa. Aikin yaron ke nan: da an yi bisimilla an harba, ya ruga ya yanka kafin rai ya fita. Ƙaya ba ta hana gudu, taɓo ma haka.

Fadamar Haɗeja zuwa Nguru kuwa, wanda bai gan ta a wancan zamani ba sai dai a ba shi labari. Ruwa ya malale har inda ido ya tsaya. Kirinjijiya na fito, dinya na tafe da nauyinta, gauraka na rangaji a bakin gonakin shinkafa, kuma ita ba a taɓa ta. Ga baƙin agwagi da ke zuwa daga Turai cin rani, su koma kafin zafi. Wani lokaci a tsinci ɗan zobe a ƙafar ɗaya, da lambobi da rubutun da ko malamin makaranta ya kasa karantawa; a kai wa dagaci, a yi ta juya shi a hannu. A tudu kuma fakara, da hasbiya, da tuje in an yi babbar sa'a, da gada a cikin kurmi.

Da dare a yi farfesun zabo da citta da kanumfari da masoro, a aika wa liman da maƙwabta. Ana ci ana hattara, domin ƙwayar darma ba ta tausayin haƙori. Ka ji baƙo ya yi "ƙaras", ya dafe kunci, ya ce "ba komai, ba komai," idonsa na hawaye.

Abin bai ƙare rana ɗaya ba. Farin 1973 ya zo, aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, ciyawar kacala ta cushe hanyoyin ruwa. Daji ya zama gona, gona ta zama fegi. Mu ma da bindigoginmu muna cikin lissafin, ba sai an faɗa ba. Aka keɓe Baturiya da Dagona domin tsuntsayen da suka saura, har mijin Sarauniyar Ingila ya zo Dagona a 1989 ya kalle su. Harsashi ya koma na roba, bindigogin Baikal na Rasha masu araha suka shigo, masu ƙarfi amma babu kyan gani. Sannan ita kanta ƙarar ta sake ma'ana. A 2014 da irin waɗannan bindigogi maharban Adamawa suka taya sojoji ƙwato Mubi. Yanzu in aka ji tas da asuba, babu yaron da ke tunanin miya.

A Ingila da Amurka, na ji, akwai masu tara su, su jera a kabad mai gilashi. Suna neman aikin Purdey, wanda ya fara a Landan a 1814, ko na Holland & Holland, masu auna mutum kamar tela kafin su sassaƙa masa ƙota. Suna son zanen furannin da ke jikin ƙarfe, da akwatin fata na asali, kuma ɗan gyara kaɗan yana karya mata daraja. Da sun ga ta Kawu da sun sume. Ƙotarta ta taɓa tsagewa, baduku ya sa mata ɗanyar fatar wutsiyar sa, ta bushe ta ɗame. Maƙeri ya sauya mata ƙusa ɗaya da ta keke. Ga laya biyu na reto a maratayi.

Da Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, masu rabon gado sun yi wa gona da shanu kuɗi ba gardama, amma suka daɗe a kan bindiga. 'Ya'yansa duk ma'aikata ne a birni, babu mai son wahalar lasin. A ƙarshe wani Sarkin Baka daga ƙauyen gabas ya saye ta, aka yi takarda, ya biya rabi da kuɗi rabi da buhunan gero. An ce tana nan wajen jikansa, yana fita sintiri da ita, kuma har yanzu tana tashi, sai dai bakin hagu kawai.